Ƙafar Zabo a Wuyan Garma

Yau Laraba, sha ɗaya ga watan Sha'aban, da hantsi.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida gwaggonka da duk mutanen gidanta can Kazaure, da fatan kun wayi gari lafiya. Allah ya tsare ka a hanyar da za ka kama ranar Lahadi, ya sauke ka Kano lafiya, ya haɗa ka da mutanen kirki.

Ni dai jiki sai godiya. Tarin ya ɗan lafa, amma ƙafafun sun ƙara kumburi, jiya ko masallaci ban iya zuwa ba. Hannun dama yana rawa. In ka ga layi ya karkace, kada ka ce tsohon malami ya manta rubutu. A zaure nake, na jingina da bango, na ɗora takarda a kan faifai.

Ranar Juma'a da ka zo sallama, ka ciro ɗan littafin nan mai koren bango daga jakarka, wanda na rubuta tarihin ƙungiyarmu ta maƙera a ciki. Ka ce Alhajin da ya kafa sabon kamfanin garmar shanu, wanda ya karɓi sunan ƙungiyar da alamarta, ya ji daɗinsa ƙwarai. Ka ce kai za ka karanta shi a gaban jama'a ranar buɗe masana'anta, za a buga shi a bayan kalanda, za a rubuta sunan Malam Sambo na Gabas a allon ƙofa, a sa ƙafar zabo a kan kowace garma. Kana dariya ka ce, "Baba, ashe rubutunka ne ya sama mini aiki." Na ce maka madalla. Da ka fita na kasa taɓa abincin da maƙwabta suka aiko.

Abba, ba a taɓa yin wani Malam Sambo na Gabas ba. Ni na ƙirƙire shi a kan teburin ofishinmu na Roni. Na kasa faɗa maka ido da ido, shi ya sa na ɗauki takarda. Ka karanta har ƙarshe kafin ka yi fushi, kuma ka karanta kafin Lahadi.

Wanda ya fara buga ƙafar zabo kakanka ne, mahaifina, wanda aka sa maka sunansa, shi ya sa muke ce maka Abba. Ya rasu kafin a haife ka. Daga arewa ya zo, bayan Babura, can ƙetaren iyaka, a shekarar wata yunwa. Masaba da awartaki kawai ya riƙo a cikin jakar fata. Mai unguwa ya ba shi gefen dutse inda babu mai son gini, ya kafa maƙerarsa a nan. Har ya bar duniya Baƙo mutane suke ce masa.

Yana da tsaga uku a gefen ido, sun haɗu a ƙasa sun buɗe a sama, tsagar dangin mahaifiyarsa. Ita ya sassaƙa a bakin kurfi, ɗan guntun ƙarfen da yake buga shaida da shi. Manoma ne suka ce ta yi kama da sawun zabo, sunan ya zauna. Ga yadda yake yi. In ya gama ƙera fartanya ko garma, sai ya fita bayan maƙera ya maka ta da dutse sau uku, yana kasa kunne. In ƙarar ba ta yi masa ba, ta koma wuta. In ta yi, sai ya sāke gasa wuyanta har ya yi ja, sannan ya ɗora kurfi ya buga sau ɗaya. Duk wadda ke ɗauke da wannan shaida, in ta karye kafin a gama girbi, a dawo da ita a sāke ƙera ta kyauta. Ba a rubuta haka a ko'ina ba, amma daga Gwiwa har Babura kowa ya sani.

Ina tuna wani mutumin Gwiwa da ya kawo garma ta rabe biyu. Baba ya juya ta ya ce, "Malam, dutse ka nome?"

Ya ce, "Wallahi Baƙo, saiwa ce."

Baba ya ce, "To saiwar nan taku ta Gwiwa da ƙashi ake haifarta. Zauna ka sha ruwa." Ya jefa ta wuta.

Kuskurena na farko tun ina yaro ne. Da aka ce kowane gari ya ba da yara don makarantar boko, mai gari ya ɓoye nasa ya miƙa ɗan baƙon maƙeri. Haka na samu kaina a elementare a Kazaure, yayana Tanko, baffanka, ya tsaya a kan zuga-zugi. Yara suka sa mini suna ɗan zuga. In na shigo aji sai su riƙa hura kumatu suna motsa hannu. Da malami ya tambayi sana'ar uban kowa, na ce manomi. Wata ranar kasuwa Baba ya tako tun daga nan ya zo duba ni, da warkinsa mai baƙin gawayi, da ƙullin ƙuli-ƙuli a hannu. Yara suka kewaye mu. Wani ya ce, "Wane ne wannan?" Na ce, "Maƙerin garinmu ne." Ya ji. Ya miƙo mini ƙullin da hannu biyu ya ce, "Malam, ga saƙo daga gida." Ya juya. Bai taɓa tayar da maganar ba har ya mutu, ni ma ban taɓa ba.

A Kano za ka zauna da 'ya'yan manya, kuma za su tambaye ka. Ka ba da amsa tun ranar farko, a taƙaice, kada ka yi ƙasa da murya: jikan maƙeri ne ni daga ƙasar Roni. Dariyar kwana biyu za su yi su gaji. Ni da na kauce wa dariyar kwana biyu, ga shi ina da furfura ina ɓoye-ɓoye.

Bayan na gama makarantar midil na yi koyarwa, daga baya aka haɗa maƙeran yankinmu cikin ƙungiyar gama kai, aka naɗa ni sakatare don ni kaɗai na iya rubutu. Dukansu ƙafar zabo suke ƙera wa, kurfin kuwa yana hannun Tanko, shi ke gwadawa, shi ke bugawa. Sai shekarar samun 'yancin kai ta zo. Kana ƙarami a lokacin. Aka sauke tutar Turawa aka ɗaga kore da fari, aka kawo tambarin gwamnati mai mikiya da dawakai biyu. Kaina ya ɗau zafi. Na tara maƙera a gindin tsamiya na ce ƙasa ta sāke tuta, mu ma lokaci ya yi da za mu sāke alama. Na nuna musu tauraro da na zana, da haruffan Turanci a ƙarƙashi, na ce kuma za mu riƙa shafa koren fenti.

Tanko ya ce, "Wa ya kawo ƙarar ta dā?"

Na ce, "Yaya, ba maganar ƙara ba ce, maganar zamani ce."

Ya ce, "To zamani ne zai zo saye, ko manoma?"

Aka yi dariya, amma ni ke da takarda da goyon bayan ofis, na yi rinjaye. Farkon bazara muka loda jakuna muka nufi kasuwar Babura. Kayan sun yi kyau a ido. Mutanen ƙetare suka zo da kuɗinsu na sefa kamar kullum, kowa ya ɗauka, ya juya wuya, ya ajiye. Wani dattijo mai rawani shuɗi ya ce, "Ina ƙafar?"

Na ce, "Baba, an canza. Ƙasarmu ta sami 'yanci."

Ya ce, "Allah ya sanya alheri, mu ma mun samu. Tuta muka ga an canza, ba mu ji an canza ƙasar gona ba. In gidan Baƙo ya daina, ku faɗa mana mu nemi wani."

Na rantse masa hannu ɗaya ne ya ƙera su. Ya ce ya yarda, amma in ta karye wa zai kai wa, tauraro? Da yamma muka mayar da kayan kan jakuna. Damina biyu muka yi a haka kafin na haƙura aka koma wa kurfi.

Na daɗe ina tunanin inda na ɓata. Ƙasa tana da dalilin sāke tuta, don waccan ɗora mana ita aka yi. Kuma ko masu sabuwar ba daga sama suka ɗauko launi ba, gonakinmu suka duba suka ɗauki kore. Ni kuwa na kasa bambance abin da aka ɗora mana da abin da muka fito da shi daga gida, na haɗa su duka na share. Duk inda ka yi aiki, in ka tarar da wata tsohuwar alama ko wani suna da ya yi maka kama da ƙauyanci, kada ka taɓa shi sai ka je kasuwa ka tambayi masu saye me suke gani in sun dube shi. Waɗanda ke ofis ba su cika sani ba.

Yanzu ga maganar littafin. Bayan yaƙin basasa aka shirya baje kolin kayan sana'a a Kano, wani jami'i ya zo ya ce kowace ƙungiya ta kawo tarihinta a rubuce. Saurayi ne mai fara'a, ɗan babban gida. Ya zauna a ofishina ya ce, "Malam, wa ya kafa muku wannan abu? Lalle babban mutum ne." Bakina ya buɗe don in ce mahaifina ne, baƙon da yunwa ta koro. Sai na ji na ce, "Wani malami ne." Da na faɗa kuwa dole in ƙarasa. Kwana uku na yi ina gina shi. Na ce daga gabas ya fito a hanyarsa ta dawowa daga Makka, ya ga manoma na wahala ya koya wa mutanen gari ƙira. Na ce layukan nan uku ilimi ne da haƙuri da gaskiya. Gaskiya fa, Abba. Kakanka kuwa na sa shi a layi ɗaya, cikin waɗanda aka koya wa, ko sunansa ban rubuta ba. Na gaya wa kaina kunya ce, ɗa ba ya kiran sunan ubansa. Fakewa na yi da kunya.

Littafin ya samu yabo. Abin da ban zata ba, Malam Sambo ya fara rayuwa ba da izinina ba. Yau a gindin dutsen nan na yamma da kasuwa akwai tarin duwatsu da ake ce wa kabarinsa. Akwai mutumin da ke cewa shi jikansa ne, har rawani yake naɗawa. Bara ya zo nan zauren ya gaishe ni ya ce, "Malam, Allah ya saka, kai ka tono mana asalinmu." Na ce amin. Tanko ba ya karatun boko, sai da wani mai sayen lauje ya tambaye shi ko ya taɓa ganin Malam Sambo sannan ya ji labari. Ya zo ya tsaya a ƙofar ofis ya ce, "An ce ka sama mana sabon uba." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Kada ka taɓa gyara wa wani asali don ya yi kyau a takarda, ko da mai gidanka ne ya roƙe ka. Kai za ka rubuta, amma ba kai za ka tsayar da shi ba. Zai tashi ya yi 'ya'ya da jikoki da kabari, kai kuma ka zauna kana amsa amin.

Na ƙarshen ya fi nauyi, kuma shi ya raba ni da ɗan'uwana. Kai kana makaranta a Zariya lokacin, mun ce maka Baffa ya koma Gwiwa don gawayi ya fi samuwa a can. Ba haka ba ne. Da kuɗin man fetur ya shigo ƙasa, samarin maƙera suka watse, wannan ya tafi Kano leburanci, wancan Legas gadi. Manyan motoci suka fara kawo fartanyoyin waje masu sheƙi, marasa nauyi. Wasu 'yan kasuwar Babura suka nemi mu ba su ƙafar zabo mai yawa kafin ruwa ya sauka, yawan da maƙeran da suka rage ba za su iya ba. Tanko ya ce a gaya musu babu. Ni na riga na ce musu akwai. Ranar da ya tafi ta'aziyya 'Yankwashi na shiga maƙerarsa da rana tsaka na ɗauki kurfi daga cikin jakar fatar Baba. Na sayo na waje, na kankare fentinsu, na zauna a bayan ofis na buga musu shaida ɗaya bayan ɗaya. Ban gasa ba, ban maka da dutse ba. Kafin ya dawo na mayar da kurfin.

Noman farko suka lanƙwashe kamar cokali. Ranar kasuwarmu sai ga mutane da buhuna, wasu tun daga ƙetare a kan raƙuma, suka zube su a gaban maƙerar Tanko. Babu mai zagi. Ɗaya ya ce, "Ɗan Baƙo, ga kayanku mun kawo, kamar yadda aka saba." Tanko ya ɗauki ɗaya ya shafa wuyanta da babban yatsa. Ina tsaye a bayan mutane. Ya ce, "Wannan ƙafar a sanyi aka buga ta." Ya ɗago kai, bai nemi kowa ba sai ni. Na jira ya faɗi sunana. Sai ya ce wa mutanen, "Tamu ce. Ku ba ni kwanaki."

Ƙarfen nan ba ya sāke ƙeruwa, ya yi siriri. Da nasa ƙarfen ya maye musu, ɗaya bayan ɗaya, damina guda cur. Gonarsa ciyawa ta cinye ta. Da ya sallami na ƙarshe ya ɗaure masabarsa da jakar Baba, ya tsaya a nan inda nake zaune ya ce, "Malam, ka riƙe takarda, ni na riƙe ƙarfe." Tun da aka haife ni bai taɓa ce mini Malam ba sai ran nan. Damina biyar ke nan. Ko rasuwar mahaifiyarka, ya zo ya yi salla ya bi gawa, ya koma bai shigo gida ba.

Ƙungiya ta mutu a tsaye, sai suna. Sunan ne na sa hannu na miƙa wa Alhajinku bara, ban tambayi Tanko ba.

Ga abin da nake roƙonka. Ka sami Alhaji shi kaɗai, kafin a kai littafin wurin masu ɗab'i, ba a gaban ma'aikata ba. Ka durƙusa ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, ranka ya daɗe, mahaifina ya aiko ni da gyara. Ka miƙa masa wannan takarda ya karanta da kansa. Laifin nawa ne, ka bar shi a kaina, kada ka kare ni. Sannan ka yi masa tambaya ɗaya: in garmarsa ta karye kafin girbi, zai karɓa ya sāke? In ya ce zai karɓa, ya sa ƙafar zabo, Allah ya sa albarka. In ya ce injin ba ya kuskure, ko ya ce sai ya yi shawara, ka roƙe shi ya nemi wata alama. Tsofaffin da suka san ma'anarta ba su ƙare ba, za su saya ido rufe, kuma wannan karon babu Tanko a bayanta.

Na san abin da nake jawo maka. Ka ce Alhaji ya ce abin da ya burge shi shi ne asali mai daraja. Mai yiwuwa ya ga ɗan maƙaryaci bai dace da kula masa da tallan kaya ba, ya ce ka ajiye makullin ofis tun ba ka zauna ba. Aikin farko ne, kuma na ga yadda ka goge takalminka. Ba zan ce maka ba komai ba. Amma ka tuna mutanen Roni da Gwiwa za a kwasa a mota a kai wajen bikin, akwai waɗanda suka sha ruwa a maƙerar kakanka. In ka miƙe a gabansu ka karanta Malam Sambo, ƙaryar ta tashi daga tawa ta zama taka, kuma kai za ka fi ni daɗewa da ita.

In za a rubuta suna a allon ƙofa, ga shi. Ban taɓa furta shi ba, ban taɓa rubuta shi ba. Idi. Idi Baƙo, maƙeri. Ka duba da kyau.

Shekaranjiya na aika wa baffanka ta bakin mai gishirin da ke cin kasuwar Gwiwa. Na ce a gaya masa jikin ya yi nauyi, ya zo yau da safe don Allah, ya taho da kurfin. So nake in nemi gafararsa, in kuma naɗe kurfin a cikin wannan takarda ka ajiye shi a teburin Alhaji, ya ɗauka ya ji nauyinsa. Na sa an share zaure an shimfiɗa sabuwar tabarma, na sayi fura da nono wurin Bafulatanar da ke wucewa. Zan dakata nan in jira shi.

Allah ya yi maka albarka, ya ba ka zuciyar da ban samu ba. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya raba ka da jin kunyar abin da ba na kunya ba. Ya jiƙan mahaifiyarka da kakanka. Amin.

Ni ne mahaifinka.

An yi la'asar. Motar Gwiwa ta wuce sau biyu, na sa an tsayar da ita duka biyun, ba ya ciki. Mai gishiri ya rantse ya isar da saƙo, ya ce Tanko ya saurara har ƙarshe sannan ya ci gaba da zuga wuta. Direban Kazaure yana ta danna ham a bakin kasuwa, ba zai ƙara jira ba. Takardar za ta zo maka ita kaɗai, babu kurfi, babu shaida, sai maganar mutumin da ya gama faɗa maka cewa maƙaryaci ne. Ka yi da ita yadda Allah ya nuna maka. Furar ta fara tsami, na ba maƙwabta. Baffanka bai zo ba.